Tsohuwar Ƙwandala Mai Tsatsa: Yadda Ake Gane Ta Gaske da Abin da Za Ta Yi a Kasuwa

Yawancin tsofaffin kuɗin ƙarfe da ke fitowa a ƙasar Hausa daga wuri uku suke: ƙasan adakar tsohuwa idan an zo rabon gado, tukunyar da garma ko magina suka fasa a kufai, sai kuma faifan masu sayar da kayan tarihi. Ko daga ina ƙwandalar ta fito, kada ka wanke ta tukuna. Lemun tsami, tsamiya, toka, yashi, soson ƙarfe, man goge tagulla, duk ka nisanta su da ita. Masu tara tsofaffin kuɗi fatar ƙwandala suke saye, wato siririn saman nan da injin bugu ya bari, kuma dirzar minti biyu ta isa ta tafi da shi har abada. Ƙwandala mai duhu da ba a taɓa ba ta fi wadda aka goge tana walƙiya tsada.

Kayan aikin ba su da yawa: ma'auni irin na masu sayar da zinariya mai nuna har giram 0.01, ma'aunin faɗi da kauri mai baki biyu irin na kanikawa, gilashin ƙara girma mai ninki goma kamar na masu gyaran agogo, maganaɗisu mai ƙarfi, zare, ƙaramin kofin roba, tsinken sakace, burushin haƙori mai laushi da tataccen ruwa. A kan ruwan nan a yi hattara. Ka je kemis ka nemi tataccen ruwan da ba gishiri a cikinsa. Idan ka ce wa mai shago ruwan batir, yana iya miƙo maka asid, wanda zai cinye ƙwandalar har da yatsunka.

Fara da sanin wace ce

Ka riƙe ta ta gefe, ka haska tocilan a karkace ta yadda hasken zai kwanta a kan fuskarta. Haruffan da suka ɓace a hasken rana sukan fito a haka. Idan ƙasa ce kawai ta rufe rubutun, jiƙa ta cikin tataccen ruwa kwana ɗaya zuwa uku, kana sauya ruwan kullum, sannan ka ture ƙasar da tsinke. Abu huɗu kake nema: sunan ƙasa, sunan sarki, shekara, da ɗan harafin da ke nuna gidan da aka buga ta.

Mai huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida ita ce ta fi yawa. Kuɗin Turawan Ingila ne na Afirka ta Yamma, an fara buga su a 1907, kuma akwai rubutun Larabci a jikinsu. Kwabo yana da faɗin kusan milimita 31 da nauyin kusan giram 9.5. Dari, wato rabin kwabo, kusan milimita 25.5 ne da giram 5.7, anini kuma, wanda goma suke yin kwabo, milimita 20.5 da giram 1.9. Daga 1907 zuwa 1911 an rubuta NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA, daga 1912 aka cire sunan Nijeriya. Haɗin jan ƙarfe da nikel ne, shi ya sa suke fari, har zuwa 1952 da aka koma tagulla. Aninin farko, na 1907 da wani ɓangare na 1908, da alminiyam aka yi shi. Bai jure danshi ba, aka sauya ƙarfen, don haka idan ka ji anini ba nauyi a hannu, yana fitar da farin gari, wataƙila shi ne.

Taro (kwabo uku), sisi (kwabo shida), sule (kwabo goma sha biyu) da fataka (sule biyu) sun shigo a 1913, shekara guda bayan kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Sule da fataka suna da bishiyar kwakwar manja a baya. Sule giram 5.66 ne, fataka giram 11.31. A nan shekara ita ce komai: daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 92.5 cikin ɗari. Azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, sai aka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Shekarar 1920 tana da na azurfa, tana da na ƙarfen, don haka duk mai 1920 sai an gwada. Bayan 1920 babu azurfa ko ɗigo, kome farin da ƙwandalar ta yi. Haka ma kuɗin Tarayyar Nijeriya masu shekarar 1959, waɗanda aka yi ta kashewa har naira da kwabo suka zo a 1973.

Ɗan harafin gidan bugu ƙanƙane ne, sai da gilashi. H na kamfanin Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, SA na Pretoria a Afirka ta Kudu. Wadda ba ta da harafi a Landan aka buga ta. Shekara ɗaya tana iya zama banza da wani harafin, ta zama abin nema da wani, saboda adadin da kowane gida ya buga ya bambanta.

Sai babbar azurfa mai hoton mace da mayafi, bayanta gaggafa mai kai biyu. Ita ce liyar, kuɗin Mariya Teresa ta Ostiriya, wadda ta yi yawo daga Kano da Barno har Sudan, Habasha da Yaman. Kusan duk wadda za ka gani 1780 ce a jikinta, kuma wannan ba ya nufin a shekarar aka buga ta. A 1780 sarauniyar ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da shekarar nan ba sauyi, a Biyana, babban birnin Ostiriya, da Landan da Paris da Rum da Bombay da wasu wuraren, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yanzu ana buga ta a Biyana. Nauyinta giram 28.07, faɗi milimita 39.5 zuwa 41, azurfa kashi 83.3. A ɓangaren Nijar kuma akan ci karo da dalar azurfa ta Faransa, wato faran 5: giram 25, milimita 37, azurfa kashi 90.

Awo kafin gardama

Ɗora ta a ma'auni ka kwatanta da nauyin asali. Liyar da ta sha hannu takan sauka zuwa 27.5 ko kusa da haka. Wadda ta gaza giram 27 alhali zanenta bai goge ba, ba huda, ba yanka a gefe, akwai magana. Ƙwandalar jan ƙarfe da ta daɗe a ƙasa ba a yi mata wannan tsananin, domin tsatsa na iya cinye wani ɓangare ko ta ƙara mata ɓawo.

Maganaɗisu yana kore ƙarya ne kawai, ba ya tabbatar da gaskiya. Azurfa, jan ƙarfe, tagulla da haɗin kwabo mai huda duk ba sa kamuwa. Liyar ko sule da ya manne wa maganaɗisu jabu ne, magana ta ƙare. Wanda bai manne ba bai ci jarrabawa ba tukuna, domin dalma da tagulla ma ba sa mannewa. Kuma ba duk mai kamuwa ba ce jabu: tsohuwar faran 100 ta sefa nikel ce zalla, tana kamuwa.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a gida shi ne na ruwa. Auna ƙwandalar a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan ma'auni ka mayar da shi sifili. Ɗaure ƙwandalar da siririn zare, ka sauke ta cikin ruwan har ta nutse gaba ɗaya, tana rataye, ba ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Rubuta lambar da ma'aunin ya nuna. Raba nauyin farko da wannan lambar. Liyar ta gaske mai giram 28.0 za ta nuna kusan 2.75 a ruwa, amsa ta fito 10.2. Azurfa mai kashi 92.5 tana ba da kusan 10.3 zuwa 10.4, jan ƙarfe da haɗinsa da nikel kusan 8.9, ƙarfe mai ruwan ɗorawa 8.4 zuwa 8.7, dalma zalla 11.3, alminiyam 2.7. Liyar ta jan ƙarfe da aka shafa wa ruwan azurfa ba ta da mafita a nan: ko ta gaza nauyi, ko ta fi kauri da kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ruwan zai nuna 3.1 ko fiye.

Abin da ke ɓata gwajin nan uku ne. Kumfar iska takan maƙale a ramukan tsatsa ta ƙara lambar, don haka ka girgiza zaren har ta tashi. Ɓawon tsatsa mai kauri ya fi ƙarfe sauƙi, yana sauko da amsar. Sannan ƙananan kuɗi ba sa ba da amsa mai ƙarfi: sule a ruwa 0.55 kawai yake nunawa, kuskuren 0.02 ya isa ya karkatar da sakamakon da kusan kashi huɗu cikin ɗari. Maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. Masu wayo sukan haɗa dalma da kuza har su kai 10.2, amma haɗin yana da laushi, gefensa na barin zane mai toka-toka a kan takarda, kuma ba ya amo.

Maganar amo: azurfar da aka buga, in ka ɗora ta a kan yatsa ka taɓa gefenta da wata ƙwandalar, tana yin ƙara mai tsawo. Ta zubi takan ce ƙwas ta yi shiru. Amma kada ka jefa mai tsatsa a kan siminti don jin ƙara. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan yi gautsi ta tsage, kuma ta gaske ma muryarta kan mutu idan tsatsa ta shige ta. Asid da maƙera ke ɗigawa, da kankare gefe da zarto don ganin ciki, duk suna barin tabon da ba ya fita. Idan har ana shakka, a nemi masu sayen zinariya da ke da na'urar haska ƙarfe, tana faɗin haɗin ba tare da ta taɓa shi ba. Ita ma saman kawai take karantawa, don haka a haɗa ta da gwajin ruwa.

Bugu ko zubi

Duk kuɗin da aka ambata a sama buga su aka yi da inji, ba zuba su aka yi ba. Jabu kuwa yawanci zubi ne, kuma gefe ne ke tona masa asiri. Duba da gilashi ko akwai siririn layi da ya zagaye gefen, inda ɓari biyun mazubi suka haɗu, ko sawun zarto inda aka goge layin. Gefen liyar yana da rubutu mai tudu, IUSTITIA ET CLEMENTIA, tare da ado tsakanin kalmomin. Na dalar Faransa da yawa kuma DIEU PROTEGE LA FRANCE ne. Mai zubi ba ya iya fitar da wannan rubutu da kyau, sai ya fito a cakuɗe ko ya ɓace ta wani ɓangaren. Sule da fataka daga 1938 suna da kwari a tsakiyar gefensu, an yi shi ne saboda jabun da ya yi yawa a shekarun da suka gabata.

A fuskar ƙwandala, harafin bugu yana tashi da kaifi daga shimfiɗar, na zubi kuwa kamar ya narke, kusurwoyinsa a dunƙule. Wurin da aka fi ruɗewa shi ne ramuka. Ramin tsatsa ba shi da siffa, bakinsa a yage, cikinsa akwai kore ko ja, kuma yakan taru a ɓangaren da ya fi shan danshi. Ramin zubi kumfar iska ce: zagayayye, cikinsa sumul, a warwatse ko'ina. Idan ka ga ƙananan ƙuraje masu tudu a shimfiɗar, ko a cikin kwarin harafi, zubi ne, domin tsatsa ba ta ƙara ƙarfe mai kyau a inda babu shi. Ƙarfen zubi yana tsukewa in ya huce, don haka faɗin yakan ɗan gaza.

Shan hannu ma yana da tsari. A liyar ta gaske wurare masu tudu ne ke fara gogewa: kumatu, gashin goshi, da duwatsun maƙallin da ke kafaɗar sarauniya, alhali kwarin haruffa na nan da kaifinsa. Idan komai ya dushe daidai wa daida, tudu da kwari, daga mazubi ta fito a haka.

Tsatsar ma ana yin jabunta. Ana binne sabuwar ƙwandala a taki ko a shafa mata sinadari, wani lokaci fenti ne kawai da ƙasa. Jiƙa auduga da asiton zalla, wato sinadarin da ke narkar da fenti, ba mai turare na goge farce ba, ka taɓa wuri ɗaya a gefe. Tsatsar gaske ba ta narkewa a asiton. In audugar ta ɗauko kore ko baƙi mai yawa, shafe ne. Asiton na kama wuta, a yi aikin a fili, nesa da murhu.

Wace irin tsatsa ce

Baƙi ko ruwan toka mai santsi a kan azurfa ba ciwo ba ne, a bar shi. Ruwan ƙasa ko kore mai duhu, mai tauri, mai santsi a kan tagulla shi ma kariya ne, masu saye suna son sa. Kwabo mai nikel da ya kwana a ƙasa yakan koma ja-ja ko ruwan makuba, kuma ba ya komawa fari sai an ci fatarsa. Sule mai ruwan ɗorawa da ya yi tabo ja, tutiyar cikinsa ce ta zube, ba gyara.

Wadda ake tsoro ita ce kore mai haske, mai gari, da ke fita in an taɓa da tsinke, ta bar rami a ƙasa. Gishirin ƙasa ne ya shiga ƙarfen. Duk lokacin da ya samu danshi sai ya haifar da asid, asid ya ci sabon ƙarfe, a sake komawa farko. Kamar gara take a azara: ka share ta yau, damina na zuwa ka tarar ta dawo. Ware irin wannan ƙwandalar daga sauran. Cire garin da tsinke da burushi. Auna giram 28 na sodar wanki da giram 22 na sodar girki (baking soda), narka su a lita ɗaya ta tataccen ruwa, ka jiƙa ƙwandalar a mazubin gilashi mai murfi. Sauya ruwan duk mako. Zai riƙa yin shuɗi-shuɗi, kuma aikin na iya ɗaukar makonni da dama, wani lokaci watanni. Wannan haɗin yana iya cire kyakkyawar fata tare da mummunar, saboda haka in ƙwandalar na da sauran kyau, rage shi zuwa kashi biyu cikin biyar na wannan awon ka ƙara haƙuri. Kanwa tana ɗauke da wannan sinadarin, amma kada ka yi amfani da ita, domin tana tafe da gishirin da ake ƙoƙarin cirewa. Bayan an gama, jiƙa ta a tataccen ruwa na mako guda, shanya ta a rana sosai, ka ajiye ta wata guda kana dubawa. In garin bai dawo ba, ta warke. Man gyaɗa, man shanu da man zaitun suna duhunta ƙarfe, kuma suna rufe danshi a ciki.

Duk wannan magani na ƙwandalar da aka riga aka san ba mai tsada ba ce. Wadda bincike ya nuna ba ta da yawa, a busar da ita a miƙa wa ƙwararre yadda take. Ajiya kuma a ƙaramin ambulan takarda, kowace ita kaɗai, cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Leda mai laushi takan bar kore mai yauƙi, robar ɗaure kuɗi kuma tana baƙanta azurfa.

Farashi

Ga azurfa, ƙasan farashi lissafi ne. Liyar tana da giram 23.4 na azurfa zalla, dalar Faransa 22.5, fataka ta kafin 1920 kusan 10.5, sule 5.2. Nemo farashin azurfa na ranar, wanda ake faɗa a kan oza mai giram 31.1, raba shi da 31.1, ka ninka da giram ɗin ƙwandalarka. Mai saye zai rage ribarsa, amma yanzu ka san daga inda ake ragewa. Liyar da aka huda ko aka yi wa kunne don abin wuya, ko wadda tsatsa ta ci, kuɗin azurfarta ne kuɗinta.

Abin da ke ɗaga farashi sama da ƙarfe shi ne ƙarancin shekarar da harafin, da kuma lafiyar ƙwandalar. Tsufa shi kaɗai ba ya sayar da ita. An buga kwabo da anini miliyoyi a shekaru da dama, kuma wanda ya sha hannu bai wuce 'yan dalolin Amurka ba ko a kasuwar Turai, mai ramukan tsatsa kuwa da ƙyar ya samu mai taya shi. Kwabon 1936 mai sunan EDWARDVS VIII ya fi kowanne ruɗar mutane, saboda sarkin bai cika shekara a gadon sarauta ba, kuma Ingila ba ta fitar da kuɗinsa ga jama'a ba. Amma a Afirka ta Yamma an buga nasa da yawa, ba wuyar samu gare shi ba. Wanda ake nema shi ne kwabon 1945 da aka yi kuskuren bugawa da sunan Edward, kuma irin wannan ne masu jabu ke sassaƙa lamba don su ƙirƙira, don haka a duba kewayen shekarar da gilashi ko akwai sawun kankara.

Shafin intanet na Numista yana nuna nauyi, faɗi, ƙarfe da adadin da aka buga na kowace shekara kyauta. A kasuwar intanet ta eBay ka duba waɗanda aka riga aka sayar, ba waɗanda aka sa wa farashi ba, domin kowa na iya rubuta miliyan a kan anini. Kwatanta da mai irin lalacewar taka. Kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS suna tabbatar da ta gaske ce, amma mai tsatsa ko wadda aka goge ba sa ba ta cikakken matsayi, sai su rubuta aibin a jikin marufin, kuma kuɗin aikin da na aikawa sun fi ƙarfin yawancin kuɗin da muke magana a kansu.

Duk wanda ya ce ƙwandalarka tana da wani sinadari a ciki, tana jan shinkafa ko allura, ko akwai Bature mai jiran ta da miliyoyi amma sai ka biya kuɗin gwaji ko na rajista, ɗan damfara ne. Babu irin wannan sinadari a kwabo.

Idan tukunya guda aka tono, kada a raba ta kafin a ɗauki hoton wurin, da tukunyar, da kuɗin a haɗe, a ƙirga a rubuta shekarun. Shekara mafi kusa a cikin tarin ita ce ke nuna lokacin da ba a binne shi kafinsa ba, kuma wannan bayanin yana ɓacewa da zarar an watsa su a kasuwa. A Nijeriya dokar 1979 ta ɗora kula da kayan tarihi a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, fitar da su waje sai da izininta. Gidan Makama a Kano nata ne, kuma ana iya kai rahoton abin da aka tono can ko gidan tarihin hukumar mafi kusa.